Wa ke da Iko da 'Yar Sakandare a Indonesiya?

A watan Janairun 2021 wani magidanci Kirista a birnin Padang, babban birnin lardin Sumatra ta Yamma, ya naɗi bidiyon zaman da ya yi da wani jami'in makarantar gwamnati da 'yarsa ke zuwa, inda ake shaida masa cewa ƙa'idar makarantar ta wajabta wa yarinyar rufe kanta kamar sauran ɗalibai mata. Cikin 'yan kwanaki bidiyon ya karaɗe Indonesiya, har ta kai ministoci uku sun fitar da umarnin haɗin gwiwa a kan tufafin makaranta. Shekara uku da rabi bayan haka, a watan Agustan 2024, sai ga wani labarin da ya yi hannun riga da na farko. 'Yan mata 18, dukkansu 'yan sakandare, daga cikin matasan da aka zaɓo daga larduna domin ɗaga tutar ƙasa a bikin samun 'yancin kai, sun bayyana gaban shugaba Joko Widodo babu lulluɓin da suka saba sanyawa, saboda ƙa'idar tufafi ta hukumar da ke kula da su. Jama'a suka yi ca, shugaban hukumar ya nemi afuwa, 'yan matan kuma suka fito da lulluɓinsu ranar 17 ga Agusta.

Wanda ya san Indonesiya ta hanyar alhazanta masu tafiya a jere a Mina da Arfa, ko ta hanyar cewa ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, zai rasa inda zai ajiye waɗannan labarai biyu. Ƙasa ce mai tilasta lulluɓi, ko mai hana shi? Amsar tana cikin yadda aka raba iko a ƙasar tsakanin gwamnatin tsakiya da larduna da shugabannin makarantu da iyaye, kuma rigimar lulluɓi reshe ɗaya ce ta wani babban al'amari. A kan tufafi, da aure, da ciki, da jarrabawa, da abin da ake sanyawa a waya, dokar da aka rubuta a Jakarta takan faɗi abu ɗaya, mai iko da yarinyar a kusa kuma ya aikata wani abu dabam.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

Ɗalibi a Indonesiya yana yin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare. Babbar sakandaren, wadda ta ƙunshi 'yan shekara 15 zuwa 18, kashi uku ce. Akwai SMA mai shirya ɗalibi domin jami'a, akwai SMK ta koyon sana'a, akwai kuma madrasa mai suna Aliyah da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin addini. A gefe guda ga makarantun kwana na addini da ake kira pesantren, waɗanda malami mai laƙabin kiai ke jagoranta, da yawansu kuma suna haɗa karatun addini da na zamani. Kayan makarantar 'yan babbar sakandare farar riga ce da siket ko wando mai ruwan toka, har ta kai idan ɗan Indonesiya ya ce lokacin "fari da toka" kowa ya san ƙuruciyar sakandare yake nufi.

Kalmar jilbab a bakin 'yan Indonesiya ba ta nufin doguwar suturar da Bahaushe ya sani da jilbabi. Mayafin kai ne da ke rufe gashi da wuya da ƙirji, a bar fuska a buɗe. A makarantun da ke wajabta shi yakan zo tare da riga mai dogon hannu da siket har idon sawu, wani lokaci da ƙaramar hular ciki da ake kira ciput domin kada gashin goshi ya leƙo.

Sai tsarin ƙasar. Kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Indonesiya, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 270, Musulmi ne, amma kundin tsarin mulki bai ayyana ta a matsayin daular Musulunci ba. An gina ta a kan manufofi biyar da ake kira Pancasila, na farkonsu imani da Ubangiji ɗaya, kuma gwamnati ta amince da addinai shida a hukumance. Lardin Aceh kaɗai ke da izinin aiwatar da shari'ar Musulunci a matsayin dokar lardi. A Bali mabiya addinin Hindu ne suka fi yawa, a Papua da Nusa Tenggara ta Gabas kuma Kiristoci. Tun daga 2017 gwamnatocin larduna ne ke tafiyar da manyan sakandare na gwamnati, wanda ke nufin minista a Jakarta yana iya rubuta ƙa'ida, amma gwamna ne ke naɗa shugaban makaranta.

Daga hana lulluɓi zuwa wajabta shi

A zamanin mulkin Suharto, wanda ya riƙe ƙasar fiye da shekara talatin har zuwa 1998, gwamnati ta ɗauki lulluɓi a makaranta a matsayin alamar siyasar Musulunci da take tsoro, musamman bayan juyin juya halin Iran na 1979. Ƙa'idar kayan makaranta ta 1982 ba ta bar masa gurbi ba, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya an sha korar 'yan mata daga aji ko tilasta musu sauya makaranta a birane irin su Bandung da Jakarta saboda sun ƙi cire shi. Sai a 1991, lokacin da Suharto ya fara neman kusanci da ƙungiyoyin Musulmi, aka halatta shi. Da yawa daga cikin iyaye mata da malaman da ke kare lulluɓi a yau sun taso ne da labarin wannan gwagwarmaya, kuma a wurinsu mayafin 'yanci ne da aka ƙwato da gumi.

Wannan gwamnati ta kuma bar wani gado da bai shafi tufafi ba. Ta hanyar ƙungiyar matan ma'aikata ta Dharma Wanita da shirin kula da iyali na PKK da ya kai har ƙauyuka, ta cusa hoton mace ta gari a matsayin matar aure mai rakiyar miji kuma uwa mai renon 'ya'yan ƙasa. Kalmar kodrat, wato ɗabi'ar da aka halicci mace a kanta, ta shiga bakin jami'ai da littattafan makaranta. Ko Kartini, 'yar sarautar Jawa da aka sa a kulle tana 'yar shekara 12, wadda ta yi fafutukar ilimin mata kafin ta rasu a 1904 tana da shekara 25, ana tunawa da ita a makarantu da yawa ranar 21 ga Afrilu ta hanyar gasar sanya tufafin gargajiya da girke-girke.

Bayan faɗuwar Suharto aka miƙa iko mai yawa ga gundumomi da birane, aka kuma fara zaɓen shugabanninsu kai tsaye daga 2005. 'Yan siyasa, ciki har da na jam'iyyun da ba na addini ba, suka gano cewa dokar tufafin mata hanya ce mai sauƙi ta nuna taƙawa ga masu zaɓe, ba ta cin kuɗi kamar gina asibiti ko hanya. Umarnin magajin garin Padang na 2005, wanda shi ne tushen rikicin 2021, yana cikin irin waɗannan. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga dokoki fiye da 60 na larduna da gundumomi masu wajabta lulluɓi. A 2014 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar kayan makaranta mai ɗauke da zanen suturar ɗaliba Musulma a matsayin zaɓi, sai makarantu da dama suka karanta zaɓin a matsayin wajibi. A wannan shekarar dai aka yi ta cece-kuce kan makarantun gwamnati a Bali da ke hana ɗalibai Musulmi sanya mayafi. Duk inda aka duba, rinjayen yankin ne ke yanke hukunci, yarinyar da ta fito daga tsiraru kuma ita ke biyan farashi.

Umarnin ministoci uku da hukuncin kotu

Umarnin da ministan ilimi Nadiem Makarim da na cikin gida Tito Karnavian da na addini Yaqut Cholil Qoumas suka sanya wa hannu a Fabrairun 2021 gajere ne. Makarantar gwamnati ba za ta wajabta tufafin addini ba, ba kuma za ta hana shi ba, zaɓi na ɗaliba ne da iyayenta, an kuma keɓe Aceh daga ciki. Makarantar da ta saɓa tana iya rasa tallafin gwamnati. Bayan wata uku kacal Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Mayu, bayan ƙarar da majalisar al'adun Minangkabau, ƙabilar da ta fi yawa a Sumatra ta Yamma, ta shigar, bisa hujjar cewa ya ci karo da dokokin da ke sama da shi, ciki har da dokar tsarin ilimi ta 2003.

Hujjar masu goyon bayan wajabtawa tana da nauyi a wurin mutane da yawa. Suna cewa makaranta wurin tarbiyya ne, dokar ilimi da kanta ta ce manufar karatu ita ce samar da mutum mai imani da taƙawa, kuma yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba ana horar da ita ne a kan abin da addininta ya umarta, kamar yadda ake tilasta mata zuwa aji a kan lokaci. Mutanen Minangkabau suna ƙarawa da karin maganarsu da ke cewa al'ada ta dogara a kan shari'a, shari'a kuma ta dogara a kan Littafin Allah, don haka Jakarta ba ta da hurumin rushe abin da yankin ya ginu a kai. Majalisar Malaman Indonesiya ta nemi a gyara umarnin ta yadda makarantu za su ci gaba da iya umartar ɗalibai Musulmi, tare da amincewa cewa ba a tilasta wa wadda ba Musulma ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da hukumar ƙasa mai yaƙi da cin zarafin mata, Komnas Perempuan, da wasu manya a cikin Nahdlatul Ulama da Muhammadiyah, manyan ƙungiyoyin Musulmi biyu na ƙasar, yana cewa makarantar gwamnati ta kowa ce, kuma ibadar da aka yi don tsoron rage maki ba ta gina imani. Sun fi mayar da hankali a kan yadda ake aiwatar da ƙa'idar. Ana kiran yarinya ofis, ana kunyata ta gaban aji, ana ce mata mahaifinta zai shiga wuta saboda gashinta, abokan karatu kuma suna ƙaurace mata. A 2022 an dakatar da shugaban wata sakandare a gundumar Bantul ta Yogyakarta tare da wasu malamai, bayan wata ɗaliba Musulma ta shiga matsananciyar damuwa sakamakon matsa mata da aka yi. A 2023 wata malama a wata ƙaramar sakandare a Lamongan ta aske gaban kan 'yan mata fiye da goma saboda ba su sa hular ciki ba, alhali dukkansu suna sanye da mayafi.

Mai karatu a Najeriya zai tuna da shari'ar hijabi ta makarantun Legas, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 ta bai wa ɗalibai Musulmi damar sanyawa. Bambancin shi ne a can ana neman izini ne, a yawancin Indonesiya kuwa izinin ya daɗe da samuwa, tambayar da ta rage ita ce ko jami'in gwamnati yana da ikon hukunta wadda ba ta sa ba. Sabuwar ƙa'idar kayan makaranta ta 2022 ta sake barin zaɓi a hannun ɗalibi da iyaye, amma dokokin yankuna da yawa suna nan ba a soke su ba.

Ciki, kunya da auren gaggawa

Idan rigimar lulluɓi ce ta fi cika kafafen labarai, abin da ya fi raba 'yan mata da makaranta shi ne aure da ciki. Dokar aure ta 1974 ta sa shekara 16 ga mace, 19 ga namiji. Bayan hukuncin Kotun Tsarin Mulki a Disambar 2018, majalisa ta mayar da shi 19 ga kowa a 2019. Cikin waɗanda suka share fagen wannan sauyi har da taron malamai mata na Indonesiya da aka yi a Cirebon a 2017, wanda ya ba da fatawar cewa hana auren ƙananan yara wajibi ne idan yana jawo cutarwa.

Sai dai dokar ta bar ƙofa. Iyaye suna iya neman izini na musamman daga kotu, kotun addini ga Musulmi, idan akwai dalili na gaggawa. Irin waɗannan izini sun tashi daga kusan 23,000 a 2019 zuwa fiye da 64,000 a 2020. Wannan adadi ya ruɗa mutane da yawa, har wasu suka ce dokar ta ƙara auren wuri. Ba haka lissafin yake ba. Yarinya 'yar shekara 17 da a da ake ɗaura mata aure ba tare da zuwa kotu ba, yanzu dole sai ta bi ta gaban alƙali, don haka auren da yake faruwa a ɓoye ga ƙididdiga ya fito fili. Rufe makarantu da karayar tattalin arziki a lokacin annobar korona su ma sun ƙara. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna nuna raguwa: cikin mata 'yan shekara 20 zuwa 24, waɗanda aka aurar kafin 18 sun kai kashi 11 cikin ɗari a 2018, suka sauko ƙasa da kashi 7 a 2023.

Abin lura shi ne dalilan da ake kai wa alƙali. Wani kaso ciki ne ya riga ya shiga. Wani kaso kuma babu ciki, iyaye ne suka ga 'yarsu tana pacaran, wato soyayyar saurayi da budurwa, suka ji tsoron zina da bakin maƙwabta. Kalmomin da ke yawo a irin wannan gida su ne malu da aib, kunya da aibi, da sunan iyali na gari. Alƙalai kuma suna amincewa da mafi yawan buƙatun, sau da yawa bisa tunanin cewa idan suka ƙi, iyalin za su je su ɗaura nikah siri, auren da ya inganta a addini amma ba a yi masa rajista ba. Matar irin wannan aure ba ta da takardar da za ta kai kotu idan aka sake ta, kuma ba ta cikin alƙaluman kotu. A tsibirin Lombok akwai al'adar merariq ta ƙabilar Sasak, inda saurayi ke ɗauke yarinya zuwa gidan danginsa, kuma da zarar ta kwana a waje mayar da ita gida ba tare da aure ba abin kunya ne ga kowa. Lardin da Lombok ke ciki yana sahun gaba a auren wuri.

Babu dokar ƙasa da ta ce a kori ɗaliba mai ciki. Ƙa'idojin cikin gida na makarantu ne ke yin hakan, kuma galibi ba a kiran abin kora: ana gayyatar iyaye a ba su shawarar yarinya ta rubuta takardar janyewa domin kare sunan makaranta. Yaron da ya yi cikin, wanda jikinsa ba ya nuna komai, ya fi samun damar kammalawa. Hanyar da ta rage wa yarinyar ita ce jarrabawar daidaito ta Paket C, wadda takardarta ke daidai da ta sakandare a doka. Wannan fifita budurci ya taɓa kai wasu jami'ai ga ba da shawarar gwajin budurci ga ɗalibai, a Prabumulih a 2013 da Jember a 2015. An janye shawarwarin biyu bayan suka, kuma rundunar sojan ƙasa, wadda ta daɗe tana yi wa mata masu neman shiga irin wannan gwaji, ta daina a 2021.

A kan yadda za a hana cikin tun farko, ƙasar ta kasu. Masana lafiya suna neman a koyar da lafiyar haihuwa a fili, ƙungiyoyin addini da dama suna ganin hakan buɗe ƙofa ne. Lokacin da wata dokar lafiya ta 2024 ta ambaci samar da hanyoyin hana ɗaukar ciki a sashen da ya shafi matasa 'yan makaranta, hayaniya ta tashi har gwamnati ta fito ta ce matasa masu aure take nufi. A tsakanin masu ra'ayin mazan jiya kuma an sami wata ƙungiya mai suna Indonesia Tanpa Pacaran, wato Indonesiya ba tare da soyayyar waje ba, da aka kafa a 2015, wadda ke kira ga matasa su bar soyayya su yi aure.

Jarrabawa da tambayar "ina amfanin karatun?"

A fagen karatu 'yan matan Indonesiya ba a baya suke ba. Yawansu a babbar sakandare ya kai na maza ko ya ɗan zarce, kuma a gwajin PISA na ƙasa da ƙasa suna gaban maza a karatu da fahimta. An soke jarrabawar ƙasa ta kammala sakandare a 2021, amma gasar shiga jami'o'in gwamnati irin su Jami'ar Indonesiya da Gadjah Mada da cibiyar fasaha ta Bandung tana nan da zafinta. Ɗalibar da ke aji na ƙarshe takan tashi daga makaranta ta wuce darasin kuɗi da ake kira bimbel har dare, idan iyayenta suna da hali. Wadda ba su da shi tana komawa gida ne ga wanki da girki da renon ƙanne, aikin da ba a cika ɗora wa ɗan'uwanta namiji ba.

Saƙon da take samu kashi biyu ne masu karo da juna. Ana so ta yi fice ta ɗaga sunan gida, a ƙasar da mace ta taɓa shugabanta, Megawati Sukarnoputri daga 2001 zuwa 2004, kuma Sri Mulyani ta riƙe ma'aikatar kuɗi shekaru masu yawa. A lokaci guda tana jin tsohuwar maganar Jawa cewa makomar mace madafa ce da rijiya da katifa, tana kuma jin gargaɗin cewa mai yawan karatu tana tsorata maza har ta zama perawan tua, budurwar da ta tsufa a gida. Kasuwar aiki tana ƙarfafa shakkar iyaye. Mata da ke cikin ma'aikata ba su wuce rabi da 'yan kai ba, maza kuwa sun haura kashi 80 cikin ɗari, kuma waɗanda suka kammala sakandaren sana'a sun daɗe suna kan gaba a rashin aiki. Ga yarinyar ƙauye a Jawa ta Yamma ko Nusa Tenggara, abin da ke gabanta a zahiri shi ne masana'anta a Bekasi ko Karawang, ko aikatau a Malesiya da Hong Kong da Taiwan, ko aure.

Waya, fata da shiru

Indonesiya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu amfani da TikTok da Instagram, kuma waya ta haɗa dukkan matsin da aka ambata wuri ɗaya. Yarinyar da ba ta bin yayi ana kiranta kuper, marar wayewa. Wadda ta bi shi da yawa akwai sunayen ɓatanci da ake jifanta da su, har da wanda aka ƙirƙira musamman domin mai mayafi da matsattsun kaya. Tallace-tallace sun daɗe suna haɗa kyau da farar fata da siranta, a ƙasar da yawancin mutanenta masu launin ƙasa-ƙasa ne, kuma hukumar kula da abinci da magunguna, BPOM, tana yawan kama mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarin makuri da ake sayarwa a intanet. 'Yan matan Papua da Maluku, masu duhun fata da gashi mai murɗe, su suka fi shan ba'a idan suka zo karatu Jawa. Rage cin abinci domin siranta kuma yana haɗuwa da matsalar ƙarancin jini, wadda binciken lafiya na 2018 ya samu a jikin kusan kashi 32 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 24, dalilin da ya sa ake raba wa ɗalibai mata ƙwayar ƙarin jini mako-mako a makarantu.

Mafi haɗari shi ne barazanar yaɗa hoton sirri, wadda tsohon saurayi ko baƙo daga intanet kan yi amfani da ita. Yarinya takan yi shiru domin ta san idan hoton ya fita ita za a fara tuhuma. Tsoron yana da tushe: wata ma'aikaciyar sakandare a Mataram da ta naɗi kalaman batsa da shugaban makarantar ke yi mata ta waya, ita aka yanke wa ɗaurin wata shida ƙarƙashin dokar sadarwar intanet, sai afuwar shugaban ƙasa ce ta cece ta a 2019. Dokar laifukan cin zarafi ta 2022 ta gyara wani ɓangare, domin ta sanya cin zarafi ta na'ura da auren dole cikin laifuka.

Binciken lafiyar ƙwaƙwalwar matasa na ƙasa da aka fitar a 2022 ya gano cewa ɗaya cikin uku na 'yan shekara 10 zuwa 17 yana da wata matsala, fargaba ce kan gaba, amma ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na masu matsalar ne suka nemi taimakon ƙwararru. A gida ana yawan fassara damuwa da ƙarancin imani ko rashin godiya. A makaranta akwai malamin ba da shawara, guru BK, sai dai a wurare da yawa shi ne kuma mai kama masu laifi, har ɗalibai na kiransa ɗan sandan makaranta.

Abin da sababbin dokoki za su iya jawowa

A 2023 ma'aikatar ilimi ta wajabta wa kowace makaranta kafa kwamitin hana cin zarafi, ta kuma sanya tsangwama da wariyar addini cikin abubuwan da zai saurara. Ga iyayen da ke birni, masu ilimi da waya, wannan ya ba su takardar da za su riƙe idan aka matsa wa 'yarsu. Ga iyalin ƙauye, inda shugaban makaranta da limami da dagaci duk 'yan'uwa ne ko maƙwabta, kai ƙara yana nufin ɓata da gari, kuma cikin 'yan kwamitin akwai malaman makarantar da ake ƙara a kanta. Tarihin shari'o'in Padang da Bantul da Lamongan ya nuna cewa hukuma takan motsa ne bayan labari ya bazu a intanet, wanda ke nufin yarinyar tana samun adalci ne bayan ƙasa baki ɗaya ta san sirrinta.

Sabon kundin laifuka da majalisa ta amince da shi a Disambar 2022, wanda ya fara aiki a Janairun 2026, ya ƙara wani zare. Ya sanya jima'i ba tare da aure ba cikin laifuka, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, amma ba a tuhuma sai miji ko mata, ko iyaye, ko 'ya'ya sun kai ƙara. Gwamnati ta ce wannan sharaɗi kariya ce daga masu kutsawa gidajen mutane da sunan gyaran tarbiyya. Ƙungiyoyin mata suna ganin wata fuskar: ikon kai ƙara yana hannun iyaye, kuma iyayen da suke son a yi aure sun sami abin da za su yi wa saurayi da danginsa barazana da shi. Idan hakan ta faru, buƙatun izinin aure a kotunan addini za su ƙaru maimakon raguwa, kuma alƙalin da ƙa'idar Kotun Ƙoli ta 2019 ta umarta ya saurari yarinyar da kanta kafin ya yanke hukunci zai ji ta ne a ranar da iyalan biyu suka riga suka sa ranar biki.